Ranar da Gure Ta Koma Ruwan Ɗorawa

Kwanan baya jikata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, tana riƙe da ciki, wai an ba su ƙwayar maganin tsutsa, kanta yana ɗan juyawa. Kafin ta sauke jakarta uwarta ta ɗauki salula. Ta kira mijinta a wurin aiki, ta kira ƴar'uwarta a Damagaram, ta kira wata maƙwabciya wadda ba ta san komai ba sai ƙara wa magana gishiri. Yarinyar kuwa amai ɗaya ta yi, ta kwanta, kafin la'asar tana ƙofar gida tana tsalle da ƙawayenta. Ina zaune bisa tabarmata ina kallonsu haushi ya cika ni, ban ma san wanda zan ji wa haushin ba. Da na tambayi yarinyar yadda aka yi, sai ta ce tun jiya malamarsu ta ce kowa ya ci ya ƙoshi kafin ya zo, ta kuma gaya musu dalili, ta ce wanda ya ji jiri kada ya tsorata, zai wuce. Nan ne abin ya tsaya mini a rai. An gaya wa ƴan yara dalili. Mu a zamaninmu cewa aka yi kada mu ci komai, ba wanda ya ga mun isa a gaya mana don me, kuma a kan wannan ƴar magana da aka yi mana rowarta na kusa makancewa ina yaro.

Garinmu Gure da nake magana ba wannan ba ce ta babura da injin niƙa. A lokacin kana kwance za ka san inda gari ya kai da kunnenka kawai. Da farko ladan, muryarsa ce tsurarta ba na'ura, in iska ta juya sai ka ji rabin kiran. Sai begilar sojojin bariki daga kan tudu. Sai turmi ya ɗauka, gidan nan ya amsa wa gidan can, har kana iya gane matar da ta makara. Sai raƙuman kanwa da suka kwana bayan gari su fara gunaguni ana ɗora musu kaya. Kwarin da ke ƙasan gari kuwa cike yake da goruba da dabino, ruwa kusa yake, in ka tona da hannu ƙasa ta jiƙe. Yau rairayi ya cinye rabinsa, yaran yanzu kuma in na ce mun yi iyo a can sai su dube ni kamar tsufa ya fara taɓa mini kai.

Lakwal ɗinmu ɗaki ne na ƙasa da rumfar zana a gefensa, ƙararrawarta wani guntun ƙarfe da aka rataye a reshen aduwa. Ba wanda ke kai ɗansa da son ransa. Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, shi ne yake aiko wa sarki yana son yara, sarki ya aika wa masu unguwa, masu unguwa su dubi gidan da ba zai iya musu ba. Gidanmu bai iya ba. Malaminmu, wanda muke kira mushe, mutumin bakin teku ne, dogo, mai tsabta, Hausarsa ta sayen nama ce kawai. Karatu muna yi, amma ban-ruwan lambun lakwal da ɗebo wa mushe itace sun fi karatun yawa. Wanda muke zama benci ɗaya da shi sunansa Mele, daga wajen Bune aka kawo shi, aka ajiye shi gidan wani mai unguwa inda ba wanda ya damu ko ya ci ko bai ci ba. Ƙashi da fata ne, ga dariya ba ta ƙare masa. Ni kuwa dogo ne siriri, na fi sa'o'ina tsawo nesa, amma a gida ana ji da ni.

Mai ji da ni ɗin kakata ce, mahaifiyar babana. Ni ne ɗan fari, don haka innata ba ta kiran sunana, ba ta dubana a gaban mutane, tun da aka yaye ni aka miƙa wa Kaka. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, sai take kirana Maigida, in na yi mata rashin ji ta ce za ta kai ni ƙara wurin alƙali ya raba auren. Ita ƴar makiyaya ce daga wajen Alakos, aure ya kawo ta gari, amma ba ta taɓa yarda cewa mutanen gari sun san abinci ba. Ƴan'uwanta sukan aiko mata man shanu cikin tandu, ta rataye shi can saman ɗaki inda ba mai kai hannu sai ita. A wurin Kaka ba ciwon da man shanu ba ya yi wa magani. In ka yi tari ta ba ka ka lasa. In kunnenka na ciwo ta narka ta ɗiga. In ka faɗo daga jaki ta shafa. In ba ka da komai ma ta ba ka don kada wani abu ya same ka. Takan ce yaron da bai san mai ba ko tsawa aka yi masa sai ya faɗi. Ban taɓa ganin wanda ya ja da ita a kan wannan magana ya ci nasara ba, har babana da ke da gemu.

Tsutsar ciki kuwa kusan dukanmu muna da ita, ba ma ɗaukarta ciwo. Ciki ya yi tulu, ƙafa ta yi sanda, yaro yana cikin aji yana gyangyaɗi, wani lokaci ya zagaya ya ga abu yana motsi ya dawo yana ba mu labari. In abin ya yi yawa a jiƙa maka saiwa mai ɗaci da jar kanwa ka sha, shi ke nan. Sai wata shekara bayan an gama girbi mushe ya ce likita zai zo daga Damagaram ya ba duk ƴan lakwal maganin tsutsa. Likita muke ce masa, ko da yake daga baya na gane ɗan aike ne na babban likitan Nasara, Bahaushe ne kamarmu, ya iya allura da awon magani. Da la'asar mai shela ya zagaya gari da gangarsa yana cewa daga faɗuwar rana kada a ba ɗan lakwal abinci, kada a ba shi nono, musamman kada a ba shi mai ko wane iri, sai bayan ya sha magani gobe. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Barbarci, kowa ya ji sarai. Abin da bai faɗa ba shi ne me zai faru in an ba shi, don shi ma ba a gaya masa ba.

Kaka tana tankaɗe ta ji shelar. Ta ajiye rariya ta dubi babana da ke gyaran igiyar jaki.

"Kai, ka ji abin da mutumin nan yake faɗi?"

"Na ji, Iya."

"To me ya sa?"

"Ban sani ba, Iya. Haka suka ce."

"Haka suka ce." Ta maimaita a hankali. "Su ɗauke mini yaro da safe, su sa shi ban-ruwa kamar bawa, yanzu kuma su hana shi tuwon uwarsa. Tukunya ma in ka ɗora ta bisa wuta ba komai a ciki tsagewa take yi, balle hanjin yaro. Maganin Nasara ai wuta ne."

Babana ya ce, "Iya, a dai bi abin da suka ce. Kwana ɗaya ne."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuma ya ɗauka ya gama magana, abin da ya nuna duk shekarun da ya yi a duniya bai san uwarsa ba.

Da maraice an bi doka. Ina zaune ina kallon ƙannena suna cin tuwon gero da miyar kuka, ni ko loma. Amma da asuba, babana yana fita masallaci, na ji Kaka ta taka turmin da take kifewa ta sauko da tandu. Ta ɗumama kunun jiya, ta zuba mai har ya yi ido a sama, sannan ta ciko cokalin duma da man tsurarsa.

"Tashi, Maigida. Buɗe baki."

Na ce, "Kaka, mushe ya ce a'a."

"Mushe ya haife ka? Wannan shimfiɗa ce nake yi wa cikinka, in maganin ya sauka ya sami wurin kwanciya. Ba wanda zai gani, a ciki yake."

Yunwa nake ji, ga mai yana ƙanshi, ga wadda ban taɓa gani ta yi kuskure ba tana riƙe da cokali. Na shanye kunun, na lashe cokalin, ta ƙara mini wani. Ta goge mini baki da gefen zanenta sosai don kada ya yi ƙyalli. Daga baya na ji ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba. Duk yaron da ke da kaka ko uwa mai ji da shi an san abin da aka ɗura masa, wani madara, wani ƙuli-ƙuli. Amma ba wanda ke da tandu irin na Kaka.

A lakwal aka jera mu bisa tsawo a gindin aduwa. Likita yana zaune a kujerar mushe, ga kwalba mai farin gari a gabansa, ga ƙaramin cokalin ƙarfe. Ba ma'auni, ba tambayar shekaru. Zai dube ka daga sama zuwa ƙasa ya ɗebi abin da ya ga ya dace da tsawonka. Ni da na fi kowa tsawo nake ƙarshen layi, sai ya ciko mini cokali irin na manya. Ya tambaye ni, "Ka ci wani abu?" Mushe na tsaye da bulala a hannu. Na ce a'a, kamar yadda duk wanda ke gabana ya ce. Da ya ce mini wanda ya ci mai ya faɗa, ba za a doke shi ba, za a ɗaga masa zuwa gobe don kada maganin ya cuce shi, wallahi da na faɗa. Bai ce ba. Ya zuba mini garin a harshe, na kora da ruwa, ɗacinsa ma bai kai na saiwar gida ba. Aka ce mu zauna a inuwa, in hantsi ya yi za a ba mu gishirin Nasara ya wanke cikin.

Wani ƙaramin yaro ne ya fara magana. Ya ce rigar mushe ta canza launi. Muka yi masa dariya, sai muka duba, ashe gaskiyarsa. Farar rigar nan da mushe ke taƙama da ita ta koma ruwan ɗorawa. Bangon lakwal ruwan ɗorawa, rairayi ruwan ɗorawa, sama da muka sani shuɗiya ta zama wani abu mai kama da kore. Mele ya ɗaga tafin hannunsa yana juyawa yana dariya, ya ce da haka Gure take kullum da bai yi kewar gida ba. Wasu suka fara kuka. Wani ya zagaya ya dawo a guje wai fitsarinsa ya zama ja. Likita ko a jikinsa, ya ce haka maganin yake yi, zai wuce kafin gobe. Ashe ya sani tun farko. Ya san za mu ga duniya ta canza launi, ya zauna yana kallonmu bai ga ya kamata ya ce uffan ba sai da yara suka firgita. Har yau in na tuna wannan zaman nasa raina yana ɓaci.

Da aka ba da gishirin, aka yi ta zarya bayan lakwal. Mele ya fitar da tsutsotsi har ya kira mutane su zo su gani, bayan nan ya ce yunwa yake ji. Shi da ba wanda ya so shi har ya karya doka dominsa, shi ya fi kowa lafiya. Yaran gata kuwa suka yi ta amai suna kwanciya. Ni nawa ya wuce amai. Kunnuwana suka fara ƙara, leɓena ya yi nauyi, hannuna yana rawa ban sa shi ba. Ruwan ɗorawan nan ya fara duhu daga gefe yana matsowa tsakiya. Na ce wa Mele, "Hadari ne ya taso?" Ya ce, "Wane hadari, rana tsaka?" Abin da na sani ke nan. An ce na faɗi ina shure-shure, mushe da kansa ya ɗauke ni a kafaɗa har gida, rigarsa duk ta ɓaci.

Da na farfaɗo na ji muryar Kaka a kaina, na ji ƙanshin ɗakinmu. Na ce ta kunna fitila. Duhu bai yaye ba. Na sake cewa ta kunna fitila, sai na ji kurciya tana kuka a waje, na ji ana daka a maƙwabta, na gane rana ce.

Ban san kwana nawa na yi cikin duhun nan ba, an dai ce ya fi mako. Tsoron da na ji ban sake jin irinsa ba, ko a shekarun yunwa. Akwai wani makaho da ke zama a bakin kasuwarmu yana tufkar igiya, sai na riƙa ganin kaina a gefensa har tsufa. A kwanakin nan na san gidanmu da kunne fiye da yadda na san shi da ido. Na san takun babana, mai nauyi, yana zuwa bakin ƙofa ya tsaya ya juya. Na san ƙarar guga in ta bugi bakin rijiya. Na san takun innata, wadda ba ta shiga ɗakin sai Kaka ta fita, ta ɗora tafinta mai sanyin ruwa bisa goshina, in ta ji motsi ta tashi da sauri. Mele yakan zo bayan an tashi lakwal ya zauna ya ba ni labarin wanda aka doka. Kaka kuwa ba ta bar komai ba. An yi mini rubutu na sha, an yi turare, an sa mini kwalli, an kira wanzami ya duba ya ce ba nasa ba ne. Safe da yamma kuma ga cokalin man shanu. Duk matar da ta shigo dubiya sai Kaka ta ce mata, "Allah ne ya sa na yi masa shimfiɗa. Da cikinsa ba komai maganin nan ya sauka, da yanzu zaman makoki kuka zo." Matan su ce ƙwarai kuwa, Iya, kin yi dabara.

Likita ya zo duba ni kafin ya koma. Ya buɗe idona da yatsa, na ji ɗumin wani abu kusa da fuskata, ya tambaya ko ina ganin haske, na ce a'a. Kaka ta ƙi amsa gaisuwarsa, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Ya fita da babana suka tsaya bayan zanar da ke jikin ɗakin. Mutane in yaro ba ya gani sai su ɗauka ba ya ji ma.

Likita ya ce, "Malam, gaya mini gaskiya. An ba shi mai?"

Babana ya ce, "Na ga tandun tsohuwa ya ragu."

"To shi ne. Maganin nan so ake ya tsaya cikin hanji ya kashe tsutsa ya fita. In ya sami mai sai ya narke, ya bi jini, ya hau kai da ido. Shi ya sa aka hana."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Mun ce kada a ba su."

"Kun ce kada a ba su. Ba ku ce zai makantar da su ba."

Likita ya ce, "Malam, in za mu tsaya yi wa kowace tsohuwa bayani, yaushe za mu gama? Doka aka ba ni, na bayar."

Babana ya ce, "Idon zai dawo?"

"Yakan dawo. Wani lokaci kuma ba ya dawowa. Sai dai addu'a."

Cokalin da ya ciko mini kuwa bai ambace shi ba. Har yau ban san wanne ya fi laifi ba, man Kaka ko hannun likita, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya.

Da ya tafi babana ya shigo, abin da bai saba ba. Kaka ba ta dawo daga rijiya ba. Ya zauna a bakin gado, na ji numfashinsa.

Ya ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"To ka riƙe a cikinka. Tsohuwar nan ko ƙaya ce ta soke ka ba ta barci. In ta san hannunta ne ya yi wannan, ba za ta ga damina ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ina kwance cikin duhu, yaro ƙarami, aka ɗora mini wannan kaya kuma. Dubi yadda abin ya zagayo. Likita ya ƙi gaya wa Kaka dalili don ya raina ta, babana ya ƙi gaya mata don yana sonta, sakamakon duka ɗaya ne, tsohuwa tana zaune ba ta san komai ba tana koya wa matan unguwa yadda ake yi wa ciki shimfiɗa. Sai da babana ya bi mazan gidajen da ke da ƴan lakwal ɗaya bayan ɗaya, a masallaci da kasuwa, yana raɗa musu gaskiyar magana, yana roƙonsu kada ta koma kunnen uwarsa. Rabin Gure ta san abin da ya same ni, banda wadda ta fi kowa kuka a kansa. Maganar da mai shela zai faɗa da numfashi ɗaya ita ce ta zama asirin da gari guda ke tayawa ɓoyo. In wannan bai isa ya ba mutum haushi ba, ban san abin da zai ba shi ba.

Na ji haushin Kaka a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da na ji ta taka turmi tana sauko da tandu sai zuciyata ta tafasa. Maganin ya riga ya fita daga jikina, man ba zai ƙara mini komai ba, amma ƙanshinsa kaɗai ya ishe ni. Nakan juya fuska bango in ce ba na so. Ta yi ta lallashi, ta ce Maigida yaji yake yi mata, ta ce za ta sayo mini ɗan akuya. Sau da yawa maganar ta zo mini har bakin leɓe. Kalma kaɗan ce, in faɗa in huta. Sai in ji muryarta ta dushe saboda kuka da rashin barci, in haɗiye.

Wata safiya ina kwance fuskata na kallon ƙofa, sai na ga wani abu fari-fari, dogo, kamar an tsaga duhun da wuƙa. Ina tsoron in na motsa ya tafi. Bai tafi ba. Tsakanin asabari da bango ne hasken rana ke shigowa. A hankali na fara ganin bakin randa, na ga ƙafar gado. Na rufe idon dama, komai ya ɓace. Na buɗe shi na rufe na hagu, komai yana nan. Tun daga ranar har zuwa yau da na tsufa, na hagun bai sake ganin komai ba, da na daman na yi karatu, na yi aiki, na ga ƴaƴana.

Asabari ya ɗaga, Kaka ta shigo. Da kyar na gane ta. Kakata mai jiki, mai faɗa da kowa, ta zube, wuyanta ya fito, zanenta ya yi mata yawa. Ashe tun ranar da aka kawo ni ba ta cin abin kirki. Ta durƙusa a gabana yadda ta saba, ba ta san ina ganinta ba, tana tare cokalin man da ɗaya hannun don kada ya zube.

Na ce, "Kaka, ɗankwalinki a karkace yake."

Ta tsaya cak. Ta kai hannu ta taɓa ɗankwalin, ta dube ni, ta matso da fuskarta dab da tawa. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Hawaye kawai ke bin kumatunta tana cewa alhamdu lillahi a hankali. Babana ya ji shirun ya yi yawa ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa. Sai ta share fuska, ta ɗago cokalin zuwa bakina.

"Ka gani ko, Maigida? Na ce maka man nan shi zai dawo da idanunka. Buɗe baki."

Na dubi babana da idona ɗaya. Ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki na shanye, ta ce in ƙara, na ƙara.